Gargaɗin da Lubabatu Ta Ɓoye

Lubabatu tana durƙushe a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, ta ɗaga kai ta hango madubin ɗakinsu ya sake juyawa yana kallon bango. Kwana na huɗu ke nan. Ita za ta gyara shi da safe, kafin hantsi ƙanwarta Afra'u ta lallaɓa ta kife shi.

Afra'u 'yar shekara goma ce, irin yaran nan da sai an haɗa su da Allah kafin su yi shiru. Amma tun ranar Asabar bakin ya mutu. Tana zaune a gindin dogon yaro ta rungume gwiwoyinta, furar da mahaifiyarsu Inna Zalihatu ta dama mata tana gefe, ƙudaje na shawagi a kai.

"Inna," ta ce a hankali, "wa ya kawar da takalmana? Nan na aje su."

"Ba wanda ya taɓa miki takalma, ɗiyata. Ga su can bakin randa inda kika tuɓe."

Yarinyar ta daɗe tana kallon takalman. "To ko ni ce na kawar da su ban sani ba? Inna, in mutum ya haukace, shina sanin ya haukace?"

Lubabatu ta san wannan tambayar. Ta ji ta a bakin wata mata a cikin fim, ranar Juma'ar da ta wuce.

Fim ɗin daga hannun Yasir ya fito, saurayin da aka yi musu baiko da shi, aka sa biki bayan an cire gero. Yasir yana da rumfa kusa da tashar mota a nan Dogon Dutsi, yana cajin waya, yana tura wa mutane karatu da wa'azi da fina-finai a ɗan ƙaramin kart, wato katin memori. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suke yi masa dariya a kai. Ba ya ba da fim sai ya kalle shi daga farko har ƙarshe, sannan ya yago shafin kaye, littafin rubutu, ya rubuta abin da ke ciki: nan akwai jini, nan akwai zagi, nan akwai abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ya naɗe kart ɗin a cikin takardar, ya ɗaure. Farin zare na kowa da kowa ne, jan zare na manya kaɗai. Har suna suka sa masa, Malam Gargaɗi, shi kuwa ko a jikinsa.

Wanda ya aiko wa Lubabatu da jan zare ya zo. Labarin wata mata ce da ke zaune a ƙaton gida ita da mijinta, ta fara ganin kayanta suna canja wuri, tana jin ana ƙwanƙwasa bango ta bayan madubi, kowa yana ce mata ita ce ke yi tana mantawa, har ta daina yarda da idanunta. Lubabatu ta karanta gargaɗin, ta kalli fim ɗin ita kaɗai a tele, wato talabijin, ta falon Babansu. Sai dai da ta juya takardar, ta tarar Yasir ya ƙara wasu layuka uku a baya waɗanda ba su shafi fim ba ko kaɗan. Ta karanta su sau biyar, ta ninke takardar ta cusa a ƙasan akwatinta. Kart ɗin kuwa ta bar shi a jikin tele tsirara, ba takarda ba zare. Wanda ke cikin soyayya hankalinsa rabi ne, kuma rabin nata yana cikin akwati.

Washegari Asabar duk gidan suka tafi bikin suna a garin Kore Mairuwa, aka bar Afra'u wurin maƙwabta saboda mura.

Yanzu Lubabatu ta ajiye rariya, ta wanke hannu, ta shiga falo ta kunna tele. Fim ɗin ya tashi daga tsakiya, minti na hamsin da biyu, daidai inda matar take tsaye gaban madubi tana tambayar kanta ko ita ce ita. Ashe Afra'u ta lallaɓo daga maƙwabta ta kunna. Lubabatu ta tuna an ce an ɗauke wuta ranar Asabar da azahar. Ta kashe da sauri. Ta miƙa hannu za ta zare kart ɗin, sai ta ji sallamar Babansu a zaure, ta fito ba ta zare ba.

Baban nasu, Alhaji Abdulmajid, ɗan kasuwa ne, yana sayar da taki da irin shuka, mutum ne mai tsare sallah a sahun farko, ba ya son wargi. Da ma da ƙyar ya yarda da Yasir. "Mai tura fim," haka yake kiransa in ransa ya ɓaci, kuma ladabin yaron ne kawai ya sa ya karɓi goron. Ya riga ya kai Afra'u dispanser, ƙaramin asibitin garin, an duba an ce ba zazzaɓi ba komai. Ya kawo malami ya yi mata ruƙiya sau biyu, yarinya ta zauna tana kallon malamin kamar yadda take kallon kowa.

A ranar ce kuma kakarsu ta wajen uwa, Kaka Hannatu, ta iso daga ƙauyensu Lugu a bayan babur, da ƙullin turare a bakin zane. Tsakaninta da Alhaji akwai kunyar surukuta, shekara ashirin da uku ba su taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba. Don haka in za su yi faɗa, ta kan Inna Zalihatu suke bi, ga su a tsakar gida ɗaya, ita a tabarma shi a kujera, kowa ya kawar da kai.

"Zalihatu, hwaɗa ma mijinki, wagga ɗiya ta gamu da iska. Ƙin madubi da ƙin abinci, mun san shi tun kakanni. A ba ni ita in tahi da ita gida kwana bakwai."

"Ki ce ma Inna ina girmama ta, amma ɗiyata ba ta zuwa inda ake kiɗa ma iskoki. Alƙur'ani ya ishe mu."

"Ki ce mishi ni ma ina sallah. Kuma kwana huɗu ana karatu, ɗiya ba ta ci ko loma ba."

Inna Zalihatu tana tsakiya, ta dubi wannan ta dubi wancan, ba ta isar da saƙo ko ɗaya ba tunda duk sun ji da kunnensu. Hawaye kawai take sharewa da bakin mayafi. Lubabatu tana bakin murhu tana jin komai, tana son faɗin gaskiya ta kasa. Tsoro take ji, tsoron gaske, domin ta san in Baba ya ji kalmar fim, aurenta ya tashi.

Afra'u ce ta raba gardamar. Da ta ji ana maganar tafiya da ita, sai ta fashe da kuka ta ce, "Ni ba ni zuwa ko'ina. Ita ma matar cikin tele haka anka ce za a kai ta wani wuri a rufe ta."

Alhaji ya tashi ya shiga falo, ya jima, ya fito da ɗan kart a tafin hannunsa. A jikinsa akwai harafin Y da farin fenti, alamar rumfar Yasir.

Bayan azahar aka kira Yasir. Ya tuɓe takalma tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa. Lubabatu tana bayan labulen ƙofar ciki, ba ta ganin komai sai ƙafafunsa.

"Wanga naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"An ce mini kai ne mai rubuta ma iyaye gargaɗi, kai ne mai jan zare. Da wannan anka lallashe ni na ba ka ɗiya. To ina takardar? Ina zaren? Ko gidan kowa ya cancanci gargaɗi ban da nawa?"

Lubabatu ta ga yatsun ƙafar Yasir sun motsa a kan tabarma. Ta jira ya ce ya naɗe, ya ɗaure, ya aiko. Kalma uku sun ishe shi.

"Laifina ne, Baba. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri na yi. Amma wanda ya shigo da abin da ya taɓa mini hankalin ƙaramar ɗiya, ba ni ba shi babbar. Ranar Juma'a bayan an sauko, za a maida muku kayanku. Tashi ka tahi."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo. Lubabatu ta koma ɗaki ta kifa kai a kan akwatin nan ta yi kuka mai isarta. Da ta gaji ta ɗauki waya ta kira shi.

"Don mi ba ka hwaɗi gaskiya ba?"

"To, Luba, ki saurare ni. Ni in ya ƙi ni, baƙo ya ƙi. Ke ɗiyarshi ce, gida ɗaya kuke kwana. Kuma kin san abin da na rubuta a bayan takardar. Za ki iya miƙa ma Baba wannan?"

"Ba ni iyawa."

"To ki bari ya huce. In Allah ya yi ke tawa ce, ko shekara nawa ina jira." Sannan ya ce, "Ita Afra'u, har ƙarshe ta kalla?"

"A'a. Wuta ta ɗauke a minti na hamsin da biyu."

"Subhanallahi. Nan ne wurin da ya fi muni. Luba, kin dai gani, babu aljani ko ɗaya a cikin fim ɗin nan, mijin ne ke yin komai. Amma ita ba ta kai nan ba. A wurinta matar tana nan tsaye gaban madubi har yanzu. Na rubuta wannan a takardar, layi na ƙarshe."

Lubabatu ta sauke wayar. Ta tagar ɗaki tana hango ƙanwarta a gindin bishiya, wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara. Kaka na gefe tana yi mata fifita, Inna na roƙonta ta kurɓi ko ruwan fura. Duk gidan suna neman magani a Lugu da dispanser da wurin malamai, alhali yana ninke a ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan aure. Kunya ta kama ta, wadda ta fi kunyar layuka ukun nan nauyi.

Bayan la'asar Alhaji yana zaune a zaure yana jan casbi, ta shiga ta durƙusa nesa da shi, ta tura takardar da jan zaren a kan tabarma.

"Baba, ba laifinshi ba ne. Da gargaɗi ya aiko, a ɗaure. Ni na kwance, ni na ɓoye takardar, ni na bar kart ɗin a tele. Na sani tun da safe, na yi shiru don ina tsoron a fasa."

Alhaji ya sa tabarau, ya buɗe takardar, ya karanta a fili da irin karatun mai duba rasit:

"Na manya ne kaɗai, kada yaro ya gani. Babu tsiraici. Akwai jini sau biyu, a minti na saba'in da kuma kusa da ƙarshe. Akwai mari da zagi tsakanin miji da mata. Abin da ya fi nauyi shi ne ana sa mace ta yi shakkar hankalinta, mai raunin zuciya zai iya ɗauka a kansa. Wanda ya fara ya daure ya kai ƙarshe, don wanda ya tsaya a tsakiya zai tashi da tsoron abin da babu shi."

Ya maimaita layin ƙarshe shi kaɗai. Sannan ya yi abin da Lubabatu take roƙon Allah kada ya yi, ya juya takardar. Ta san abin da ke wurin kamar Fatiha: *Luba, na ƙirga, saura kwana saba'in da ɗaya. Kullum in na rufe rumfa sai in rage ɗaya in yi ta murmushi ni kaɗai, har maƙwabcina ya fara tausaya mini. Ki gaishe mini da wushiryar nan taki.* Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, tana jin da ma tabarmar ta naɗe da ita.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ninke takardar yadda ya same ta, ya tura mata.

"Wancan gefen ba nawa ba ne. Kira shi, ki ce ya zo yanzu."

Abin da ya biyo baya, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a gidan. Alhaji Abdulmajid, wanda bai san tele ba sai don labarai da tafsiri, ya sa aka rufe ƙofar falo, ya zauna shi da Yasir, ya ce a sa masa fim ɗin daga farko. "Ba ni yi ma ɗiyata maganin abin da ban gani ba," in ji shi. Lubabatu ta kai musu ruwa ta tarar da shi a hakimce, fuska a murtuke. Da ta koma ɗaukar kofuna ta tarar ya matso bakin kujera, hula ta koma ƙeya. Daga tsakar gida suka riƙa jiyo muryarsa jefi-jefi: "Kai, wanga mutum bai da tsoron Allah." Can kuma: "Ke ma ki duba bayan madubin mana." Kaka Hannatu ta dubi 'yarta ta ce, "Zalihatu, shi ma iskar ta kama shi?" Inna ta yi dariyar farko a cikin kwana huɗu.

Ana dab da magariba suka fito. Yasir ya ce ko a nuna wa Afra'u ƙarshen, a tsallake wuraren jini. Alhaji ya girgiza kai. "Abin da ta gani ya isa. Saura ni zan ba ta da bakina."

Ya je gindin dogon yaro ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa da komai, ya jawo yarinyar jikinsa.

"Afra'u, na ga matar nan taki. Na kalli labarinta har inda ya ƙare. Kina son ki ji?"

Ta ɗaga kai a hankali.

"Lahiyarta lau. Ba ta haukace ba, kuma babu iska a gidan. Mijinta ne mugu, dukiyar da ubanta ya bar mata yake so. Shi ke kawar da kayanta in ta juya baya. A bayan madubin akwai wata 'yar ƙofa, nan yake shiga ya ƙwanƙwasa. Ran nan sai ta yi dabara, ta barbaɗa gari a ƙasa, ta dawo ta ga sawun takalminshi. Ta kira ƙanenta, anka kira jandarma, anka tahi da shi."

"Ita kuma fa?"

"Ta koma gidansu, ta ci tuwo ta yi barci. Kuma dukansu 'yan wasa ne, an biya su, an gama kowa ya tahi gida."

Afra'u ta juya maganar a ranta. "Baba, kai da ka kalla, ka ji tsoro?"

Alhaji ya dubi matarsa, ya dubi surukarsa da ta kawar da kai tana kasa kunne, ya dubi Yasir can bakin zaure. "Na ji," ya ce. "Ni da gemuna na ji. Shi ya sa anka ce ba na yara ba ne."

Yarinyar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ba ta warke nan take ba, don sai da ta ƙara kwana biyu tana bin Inna duk inda ta sa ƙafa. Amma a yammacin nan ta sha rabin kwanon fura, ta ce tsami ya yi yawa, wanda duk ya san Afra'u kuwa ya san ƙorafi alamar sauƙi ce. Kaka ta kunna turarenta duk da haka, ta ce ai ƙamshi ba ya ɓata komai, Alhaji ya yi kamar hancinsa a toshe yake.

Maganar aure kuwa bai ce uffan ba. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Lubabatu ta yi ta aikinta ba ta tambaya ba, ba ta aika Inna ta tambaya ba, ba ta kira Yasir ba. Ta riga ta faɗi gaskiya, sauran na Allah ne da Baba. Amma duk sanda ta wuce ta gaban akwatunan baiko da ke jere a ɗakin Inna, sai zuciyarta ta yi nauyi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya shigo da Yasir a bayansa, ya sa aka kira ta zaure. Suka durƙusa, shi a wannan kusurwa, ita a waccan.

"Ku duka kun yi laifi," ya ce. "Ke kin raba gargaɗi da abin da anka yi gargaɗi a kai, kuma kin ga ƙanwarki tana ramewa kin yi shiru wuni guda. Kai kuma ka dube ni ka ɗauki laifin da ba naka ba. Rufin asiri ne, na sani, amma da ta biye maka da har yau ɗiyata ba ta ci abinci ba. Kada ka ƙara yi mini ƙarya, ko ta alheri ce."

"In sha Allahu, Baba."

"Na uku mai laifi ni ne. Na sayo tele na aje a gida shekara huɗu, ban taɓa sanin tana da ramin sa kart ba. Ina tsare ƙofar zaure, ashe akwai wata ƙofar a falo. Daga yau duk abin da za a kalla a gidan nan, sai ni ko uwarku mun karanta takardarshi, in ta kama mu kalla, mun kalla." Ya gyara zama, ya ja casbi biyu uku. "Yasir."

"Na'am, Baba."

"A wancan lissafin naka na rufe rumfa, yau saura kwana nawa?"

Gumi ya tsatso wa Yasir a goshi. Da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba ya ce, "Sittin da huɗu, Baba."

"To ka ci gaba da ragewa."

Lubabatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi da gudu ta yi cikin gida, kuka da dariya suna rige-rigen fita, ta faɗa jikin Inna da ke laɓe a bayan labule tun ɗazu.

Haka aka yi, bayan an cire gero aka ɗaura aure. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe kaɗan ne. Ba duk abin da babba ya kalla ya tashi lafiya ne yaro zai iya ɗauka ba, kuma gargaɗin da aka rubuta ba ya tsare kowa sai in ya isa hannun iyaye, su kuma sun zauna sun duba. Gaskiyar da Lubabatu ta ji tsoron za ta raba ta da Yasir, ita ce ta ba ta shi, ta kuma dawo mata da ƙanwarta.